Ruwan da Ba Ya Ɗaukewa: Yadda Ake Sauka Daga Jirgin Yawo a Norway Ana Tsaka da Ruwan Sama

Mu da muka tashi da damina mun saba da ruwa mai sallama. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, a kwashe shanya, a fake a zaure ko a rumfar mai shayi, ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya, bayan awa ɗaya ko biyu gari ya washe kowa ya kama gabansa. Wannan sabo shi ne yake cutar Bahaushe ranar da jirgin yawon shaƙatawa ya ajiye shi a Bergen, birnin da ke gaɓar yammacin Norway. Zai leƙa ta taga ya ga yayyafi, ya ce bari in sha shayi kafin ya ɗauke. Ƙarfe goma ana yayyafi. Azahar ana yayyafi. La'asar jirgi ya saki igiya, shi kuwa abin da ya gani na garin bai wuce rufin gine-ginen tasha ba, bayan kuɗin da ya narkar.

Jiragen da nake magana a kansu su ne manyan nan da ke tashi daga Southampton ta Ingila, ko Hamburg da Kiel na Jamus, ko Copenhagen, su yi mako guda suna kewaya gaɓar yammacin Norway, galibi daga watan Mayu zuwa Satumba. Dare ana tafiya, safiya ana tsayawa a wani gari, a ba fasinja awa shida zuwa goma ya sauka ya zaga ya dawo. Abin da ake zuwa gani shi ne fiyod, wato dogayen lungunan teku da suka kutsa cikin ƙasa tsakanin duwatsu masu tsayi. Kowane gari sau ɗaya za ka gan shi. Babu "sai gobe". Saboda haka shirin duka ya tsaya a kan abu ɗaya: za ka yini a cikin ruwan, kuma kana so ka dawo da ɗuminka da lafiyarka, a kan lokaci.

Mataki na farko: san irin ruwan tun kafin ka biya kuɗi

Bergen na samun ruwan da ya haura milimita 2,200 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma ba a wata huɗu yake taruwa ba. Ana yin sa a sama da kwana 200 na shekara. Daga ƙarshen Oktoban 2006 zuwa Janairun 2007 an jera kwana 85 babu ranar da bai sauka ba. Dalilin a bayyane yake. Iska mai ɗauke da danshi tana tahowa daga tekun Atlantika, ta ci karo da duwatsun gaɓa, ta hau sama ta yi sanyi, ta sauke kayanta a nan.

Wannan dalilin kuma shi ne yake nuna maka inda sauƙi yake. Kafin iskar ta ƙetare duwatsu ta kai can cikin fiyod ta riga ta zubar da mafi yawan ruwanta. Garin Lærdal, da ke ƙuryar fiyod ɗin Sognefjord, ruwanta na shekara bai fi milimita 500 da 'yan kai ba. Flåm tana wannan yankin. To idan ka ga jadawalin jirgi ya haɗa garuruwan bakin teku irin su Bergen, Stavanger da Ålesund da na ciki irin su Flåm, ka sa a ranka cewa na bakin teku ne suka fi yiwuwar jiƙa ka. Dangane da wata kuwa, Mayu da Yuni sun fi bushewa, daga Agusta ruwa yake ƙara ƙarfi, Satumba na cikin watanni masu nauyi. Kuɗin jirgi yakan sauka a Satumba, kuma yanzu ka san ɗaya daga cikin dalilan.

Abu na biyu, ruwan nan mai sanyi ne. A tsakiyar bazararsu ma zafin rana a Bergen ba kasafai yake wuce digiri 19 ko 20 ba, ranar ruwa yakan tsaya a 12 ko 13, kan dutse kuma ya faɗi ƙasa da 10. Sanyin hunturu ne na asubahin Janairu, amma da jiƙa da iska a kai.

Mataki na biyu: kaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kayan ruwa a Norway suna da kyau amma tsadarsu ta wuce misali, kuma ranar Lahadi yawancin kantuna a rufe suke, ban da na masu sayar da tsarabar baƙi. Ka saya tun daga inda za ka taso, ko a garin da za ka shiga jirgi.

Fara da abin da zai taɓa fata. Auduga ita ce abokiyar gabarka a nan, kuma kusan duk suturarmu auduga ce: shadda, atamfa, singileti, wandon jins. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta manne a jiki, ruwa kuwa yana janye ɗumin jiki kusan ninki 25 na yadda iska ke janyewa. Wanda ya sa jins ya jiƙe da ƙarfe goma na safe zai yini yana rawar ɗari, kuma wandon ba zai bushe a ɗakin jirgi ba sai bayan kwana biyu. Abin da kake so a ciki shi ne riga mai laushi ta ulu ko ta zaren roba irin na 'yan wasanni. Ulu ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi. A kanta ka ɗora suwaita mara nauyi mai zif, wadda za ka iya cirewa ka cusa a jaka idan ka shiga mota ko jirgin ƙasa mai ɗumi. Riga uku marasa kauri sun fi jibgegiyar riga ɗaya amfani, domin a yini guda za ka shiga ɗumi ka fita sanyi sau goma.

Sai rigar ruwa, wadda a kanta ya kamata kuɗinka ya tafi. Kada mai kanti ya ruɗe ka da rigar da aka ce tana "jure ruwa". Irin wannan minti ashirin take yi ta sallama. Ka nemi wadda aka rubuta ba ta shigar da ruwa sam, ka juya cikinta ka duba ɗinkin: idan ka ga an manne kowane layin ɗinki da siririn faifai, ita ce. Idan zare a fili yake, ta nan ruwa zai bi ya sauka a kafaɗarka. A jikin takardar wasu akwai lambar da ke nuna ƙarfin tare ruwa. 10,000 zuwa sama ta ishe ka yini guda na yayyafi. Lallai ta kasance da hular da ake tsukewa da igiya, ta kuma sauko ta rufe mazaunai, ta yi yalwar da suwaita za ta shiga ƙarƙashinta. Wandon ruwa mara nauyi da ake ɗorawa a kan wando, mutane da yawa suna raina shi, ni kuwa na fi ganin amfaninsa a kan komai. Ruwan da rigar ta tare ai gangarowa yake yi, kuma a cinya yake ƙarewa.

Hajiya, ke naki lissafin ya ɗan bambanta. Doguwar riga ko abaya mai jan ƙasa za ta kwashi ruwan titi ta hau da shi har gwiwa, kuma a matakalar sauka daga jirgi tana iya harɗe ki. Mafita ita ce doguwar rigar ruwa mai kaiwa ƙwauri, a ƙarƙashinta wandon ulu da siket ko riga da ta tsaya a saman idon sawu. Gyale mai faɗi iska za ta yi ta wasa da shi har ki gaji da kamawa. Ƙaramin hijabi na zaren roba mai saurin bushewa, wanda hular rigar ruwa za ta hau kansa, ya fi, ki kuma saka na biyu a leda cikin jaka. Jiƙaƙƙen mayafi a wuya tsawon yini, mura ce kike gayyata da hannunki.

Takalmi: mai rufi, mara shigar ruwa, mai zanen ƙasa mai zurfi. Kada ka saya yau ka tafi da shi gobe, ka taka shi na mako biyu tukuna. Ka tafi da biyu, domin wanda ya jiƙe yau ba lallai ya bushe kafin safiya ba. Safa ta ulu, ƙafa huɗu ko biyar. Takalmin fata mai sulɓin ƙasa na zuwa ɗaurin aure ka bar shi don cin abincin dare a cikin jirgi, tare da babbar riga da hula zanna.

Lema fa? Ka ɗauki ƙarama idan kana so, tana da amfani a lungun gari inda babu iska, ko lokacin ɗaukar hoto. Amma a bakin tasha da kan jirgi iska tana juya ta ciki ya koma waje, kuma tana cinye maka hannu ɗaya a inda kake bukatar biyu. Hula mai baki a ƙarƙashin hular rigar ruwa ta fi ta aiki, musamman ga mai tabarau.

Sauran tarkace ba su da nauyi: jakar goyo ƙarama, babbar leda mai kauri da za ka shimfiɗa a cikinta kafin ka zuba komai, ƙananan ledoji masu zif na waya da fasfo da magani, safar hannu, ƙyallen goge tabarau, man kaɗanya ko basilin don leɓe da hannu, da ƙugiyoyi masu maganaɗisu guda huɗu ko biyar. Amfanin ƙugiyoyin zai zo a ƙarshe.

Mataki na uku: raba wuraren yawo gida biyu

Ga abin da na fi so ka riƙe. Ruwa ba ya ɓata kallon fiyod. Gajimare ne yake ɓatawa, shi ma ga wanda ya hau sama. Saboda haka kafin ka biya kuɗin kowane yawo ka tambayi kanka: wannan na sama ne ko na ƙasa?

Na sama su ne waɗanda duk darajarsu hange ce daga ƙololuwa. Dalsnibba a Geiranger, kusan mita 1,500, inda har a Yuni akan ga ƙanƙara a gefen hanya. Keken igiya na Loen, wato ɗan ɗaki mai tafiya rataye a igiya, da ke haurawa dutsen Hoven, mita 1,011, ga masu tsayawa a Olden. Ulriken a Bergen, mita 643. Dandalin Stegastein, mita 650 a saman Aurlandsfjord. Ranar da gajimare ya sauko, wanda ya je waɗannan wurare zai tsaya ne a cikin farin hazo yana kallon bayan wuyan na gabansa, kuma babu mai mayar masa da sisi.

Na ƙasa kuwa ruwa ƙara musu kyau yake yi. Duk kwararon dutse yakan zama magangarar ruwa, waɗanda suke siririya jiya su cika su yi ƙara. Kewaya Nærøyfjord ko Geirangerfjord a ƙaramin jirgi mai rufi da tagogi, su biyun da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005, ranar ruwa ya fi armashi; wata magangara mai rassa bakwai a jere a Geiranger ma ba ta nuna kanta sosai sai an yi ruwa ko ƙanƙara na narkewa. Jirgin ƙasan Flåm ma haka. Kilomita 20 ne daga bakin ruwa zuwa Myrdal, ya haura sama da mita 860 a cikin kusan awa ɗaya, ya ratsa ramukan dutse 20, ya tsaya 'yan mintuna a magangarar Kjosfossen, inda ko rana ake yi feshin ruwan zai jiƙa ka. Kana zaune a inuwa, ruwan yana yi maka aiki.

Dabarar ita ce: na ƙasa masu cika da wuri, irin jirgin Flåm, ka kama tun kana gida. Na sama waɗanda ake iya sayen tikitinsu nan take, ka bar su sai safiyar ranar. Fløibanen ta Bergen misali ce mai kyau. Jirgin gangare ne da ke aiki tun 1918, tasharsa tafiyar 'yan mintuna ce daga tsohuwar unguwar Bryggen, yana kai mutum dutsen Fløyen, mita 320, cikin ƙasa da minti goma. Ba sai ka biya tun wata guda ba. Ka ɗaga kai daga kan jirgi: in kana ganin saman dutsen, tafi yanzu, kafin taron jama'a da kafin gajimare, in ba ka gani, juya ka yi wani abu, ka sake dubawa da rana.

Akwai wanda ban ba da shawararsa ba sam ranar ruwa ga wanda bai saba hawan dutse ba: Preikestolen, kusa da Stavanger. Falalen dutse ne da ke tsaye mita 604 a saman Lysefjord, babu shinge a bakinsa, tafiyar ƙafa kusan kilomita 8 zuwa da dawowa, awa huɗu ga mai ƙarfi, ban da lokacin mota. Duwatsun hanya suna santsi, hazo yana rufe wurin, ga agogon jirgi yana bin ka. Ka shiga ƙaramin jirgin da ke ratsa Lysefjord ka gan shi daga ƙasa.

Sannan ka karanta sharaɗin soke tikiti. Yawon da kamfanin jirgi ke sayarwa ana yin sa ko ana ruwa, kuma galibi sai ka soke kwana ɗaya ko biyu kafin ranar za a mayar maka da kuɗi. Kowane kamfani da nasa wa'adin. Amfanin yawon kamfanin jirgi biyu ne: idan kyaftin ya fasa tsayawa a garin saboda iska kuɗinka zai dawo, idan motar ta makara kuma jirgi zai jira ta. Na 'yan gari ya fi araha, amma ka tambaye su tun farko, a rubuce, me zai faru da kuɗinka idan jirgi bai tsaya ba.

Mataki na huɗu: daren jajibiri da safiya

Ka sa manhajar Yr a wayarka. Hukumar hasashen yanayi ta Norway ce da gidan rediyo da talabijin na ƙasar, NRK, suke gudanar da ita, kyauta ce, kuma ita 'yan ƙasar ke dubawa. Kada ka tsaya a hoton gajimare mai ɗigo da aka sa wa yini gaba ɗaya. A wannan gaɓar kusan kullum shi za ka gani. Buɗe jadawalin awa-awa ka dubi milimita. Ƙasa da rabin milimita a awa yayyafi ne, rigarka za ta ɗauke shi ba tare da ka lura ba. Ɗaya zuwa biyu ruwa ne sosai, sai da wandon ruwa. Huɗu zuwa sama, wannan awar ta cikin gini ce. Dubi iska kuma, da mita a daƙiƙa suke auna ta: ta kai 10, manta da lema da tsayuwa a kan tudu. Ka nemi awa biyu ko uku mafi sauƙi a cikin yinin, ka ajiye abin da ka fi so a can, sauran ka gina kewaye da shi. Hasashen kwana biyar gaba ba abin dogaro ba ne a nan, na daren jiya da na safiyar yau su ne magana. Ka yi hankali da layin waya a tsakiyar teku, kuɗinsa yanka ne. Jira sai an matso gaɓa ko ka yi amfani da intanet ɗin jirgi.

Kowane dare ana kawo takardar shirin gobe ɗaki, ko a sa a manhajar jirgi. Ɗauki hoton abu biyu: lokacin da ake rufe shiga jirgi, da lambar wayar wakilin jirgin a wannan tasha. Duba kuma ko jirgi zai jingina da gaɓa ne ko zai tsaya a tsakiyar ruwa a riƙa jigila da ƙananan jirage, kamar yadda yakan faru a Geiranger da wasu ƙananan garuruwa.

Kowane gari ka tanadi maɓoya tun da dare. A Bergen akwai gidajen tarihi na zane-zane na KODE a tsakiyar gari, da ɓangaren kasuwar kifi mai rufi. A Stavanger akwai gidan tarihin man fetur a bakin ruwa, wanda ɗan Najeriya zai fito daga cikinsa da tunani mai yawa kan yadda wasu suka yi da nasu arzikin. A Ålesund akwai gidan kifaye na Atlanterhavsparken, yara ba sa gajiya da shi, ga garin kansa da aka sake ginawa da dutse bayan gobarar 1904. Matakala 418 na dutsen Aksla kuwa sai in gari ya washe.

Ka ci abinci mai nauyi kafin ka sauka. Jiki mai yunwa ba ya yin ɗumi.

Mataki na biyar: a ƙasa

Sa rigar ruwa da wandon tun kana cikin jirgi. Wanda ya bari sai ya jiƙe sannan ya ɗora ya kulle danshi ne a jikinsa. Gadar sauka ta ƙarfe ce, ka kama ƙarfen gefe, waya tana aljihu. In ƙaramin jirgin jigila ne, miƙa wa ma'aikaci hannu idan ya miƙo nasa, ka jira ya ce taka, domin jirgin yana hawa yana sauka da igiyar ruwa. Ba wurin nuna jarumta ba ne.

Abu uku ne ke kayar da mutane a garuruwan nan: katakon lungunan Bryggen, duwatsun da aka shimfiɗe tsofaffin tituna da su, irin na tsohuwar unguwar fararen gidaje a Stavanger, da murafun ƙarfe na kan hanya. Gajarta taku, fitar da hannu daga aljihu. Gangara ta fi hawa haɗari.

Kada ka yi sauri har ka yi gumi. Rigar ruwa tana tare na waje, amma gumi daga ciki yake jiƙa mutum, kuma da ka tsaya sai ya zama ƙanƙara a bayanka. In za ka hau tudu buɗe zif, ko cire suwaita tun daga ƙasa. In ka kai ka mayar. Duk bayan awa ɗaya da rabi ka shiga wani wuri mai ɗumi ka sha abu mai zafi, ka duba safarka. Da kati ake biyan kusan komai a Norway, har wasu banɗakunan jama'a, don haka katin ya kasance inda hannu zai kai ba sai ka buɗe jaka a cikin ruwa ba. Ruwan famfonsu kuma ana sha, gora kawai kake bukata.

Waya tana cikin leda mai zif, ana iya latsa ta a haka. Idan ta jiƙe kada ka sa mata caji sai ramin ya bushe sarai, kuma ka bar maganar binne ta a shinkafa. Kamfanin Apple da kansa ya ce kada a yi. Kyamara kuwa in ka fito da ita daga sanyi ka shiga ɗumi za ta yi raɓa, bar ta a jaka a rufe na ɗan lokaci.

Maganar salla ka gama ta tun a gida. A Yuni yinin Bergen yana kai awa 19, magariba tana kaiwa kusan sha ɗaya na dare. Ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru, lokuta, da shafa a kan huffi kafin ka taso. A aikace, yin alwala a ɗaki kafin sauka ya fi cire takalmi da safa a banɗakin kasuwa, sannan ƙaramar darduma mai bayan leda tana shiga aljihun jaka.

Mataki na shida: wanda sanyi ya fi yi wa illa

A nan ba wasa. Mai amosanin jini, wato sikila, jiƙa da sanyi da ƙarancin shan ruwa suna cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwo, kuma a sanyi mutum ba ya jin ƙishirwa balle ya sha. Idan kai ne ko ɗanka, ka ga likita kafin tafiya, magani yana jakar goyo ba a ɗaki ba, ku zaɓi yawon cikin mota da jirgi, ku koma da wuri. Haka mai asma, abin shaƙarsa yana aljihu. Yara ƙanana da tsofaffi suna rasa ɗumi da sauri kuma ba lallai su faɗa ba. Alamun da za ka lura da su: rawar ɗari da ba ta tsayawa, hannu ya kasa jan zif, magana ta fara harɗewa, mutum ya yi shiru ko ya rikice. Da ka ga haka yawo ya ƙare. A shiga gini, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe, a ba shi abu mai ɗumi da zaƙi idan yana iya sha. Lambar motar asibiti a Norway 113 ce, ta 'yan sanda 112. Akwai likita a cikin jirgi amma da kuɗi yake gani, ba kaɗan ba, saboda haka ka tabbatar inshorar da ka yi don biza ta ƙunshi jinya a cikin jirgin ruwa.

Mataki na bakwai: komawa

Galibi ana rufe shiga rabin awa kafin tashi, jirgin jigila na ƙarshe kuma yakan riga wannan. Ranar ruwa kowa yana neman tasi a lokaci ɗaya, layi yana tsawo, hanyoyin dutse masu lanƙwasa irin ta Geiranger mai kwana 11 motoci suna rarrafe a kansu. In da kanka ka fita, ka sa a ranka za ka kasance a bakin tasha awa ɗaya kafin a rufe. In ka yi nisa da gari, awa ɗaya da rabi. Jirgi ba ya jiran wanda ya fita a gashin kansa. Idan ka ga za ka makara, kira lambar wakilin nan da ka ɗauki hotonta tun kana hanya, kada ka bari sai ka iso ka tarar da wurin wayam. Ka lura kuma da agogo: jirgin da ya taso daga Ingila yakan ƙara awa ɗaya a hanya, lokacin da jirgi ya sanar shi ne naka.

Mataki na takwas: shanya

Ɗakin jirgi ƙarami ne, kuma gobara ita ce abin da suka fi tsoro, shi ya sa ba a yarda da dutsen guga ko wani abin ɗumama ɗaki ba. In aka gani a kayanka za a karɓe. Shanya a baranda ma an hana, iska za ta kwashe, danshin teku kuma ba zai bari ya bushe ba. A cikin wurin wanka yawanci akwai igiyar da ake jawowa daga bango. Rigar ruwa da wandonta su fara zama a can su tsane. Bangon ɗakin da rufinsa galibi ƙarfe ne, a nan ƙugiyoyin maganaɗisu za su yi aiki: manna su kusa da inda iskar na'urar ɗaki ke fitowa, ka rataye abin da ya daina ɗiga. Safa da rigar ciki ka shimfiɗa su a kan tawul, ka naɗe kamar tabarma, ka taka da ƙafa, ka warware ka rataye. Rabin aikin ya ƙare. Wasu jiragen suna da ɗakin wanki da injin busarwa na fasinja, ka tambayi mai gyaran ɗakinka tun ranar farko, amma ulu kada ya shiga injin zafi, zai fito na ɗan yaye.

Takalmi ka zare shimfiɗar cikinsa, ka sassauta igiya, ka cusa takarda. Takardun shirin jiya da shekaranjiya sun isa. Canza su kafin ka kwanta. Na'urar busar da gashi a kan iska mai ɗumi kaɗan, kana riƙe da ita a hannu, tana ƙarasa abin da ya rage, amma zafi mai yawa yana ɓanɓare gam ɗin takalmi. Zazzage jakar goyo ka juye ta ta sha iska, fito da fasfo daga leda ka duba, mayar da busasshiyar safa da hijabi na biyu cikin ledarsu, sannan ka buɗe Yr ka duba awowin garin gobe.